Katakon da Alhaji Yazidu Ya Cusa Ƙarƙashin Tankin Kifi

Akwai wani tsohon direban kamiyon, wato babbar motar kaya, a Gaya ta Nijar, ana ce masa Alhaji Yazidu. Shekara talatin yana hanyar Kwatano kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse Yamai. Gida mai ɗaki shida ya koma daga shi sai agogon bango. Mutum ɗaya ne ya rage yana leƙo shi, Malam Hamani magini, mai zuwa shan shayi kullum bayan la'asar.

Kaɗaici ya sa Alhaji ya sayo ƙaton tankin gilashi, irin na manyan otel, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ya ce zai zuba kifin kogi, ya samu abin kallo.

Ranar da aka ajiye shi a falo, Hamani ya ɗora ma'auninsa na gini, ya girgiza kai.

"Alhaji, daɓen nan ya karkace. Dubi kusurwar can, ba ta taɓa ƙasa ba. Ruwan da za ka zuba ya fi tan biyu. Bari in yi sabon daɓe, mu jira sati uku ya bushe."

"Sati uku? Ni da na tsayar da tan arba'in a gangare da guntun katako?"

Ya ɗauko tsohon katakon da yake tare taya da shi, ya sassaƙe, ya cusa ƙarƙashin kusurwar.

"Gilashi ba taya ba ne, Alhaji. Nauyin duk zai taru a kan katakon nan."

"Kai da ka tsufa kana cuɗa laka, me ka sani game da kayan Kwatano?"

Hamani ya miƙe. Ya ɗauki ma'auninsa ya fita, shayi na tafasa. Daga ranar bai sake dawowa ba, Alhaji kuwa girman kai ya hana shi aika masa.

Aka cika tanki da gargaza da wata ƙatuwar tarwaɗa daga masuntan garin Tunuga. Alhaji ya raɗa mata suna Doguwa. Ita yake ba labarin hanya, ita yake gaya wa yara ba su kira ba. Wani lokaci sai ya zuba shayi kofi biyu, sannan ya tuna. Abin da ban tausayi, wallahi.

Bayan wata huɗu ya ga wani siririn layi a gilashin, daidai saman katakon. Ya liƙa masa gam, ya ce ba komai.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ji ya yi ƙas! Kafin ya miƙe, ruwa ya kwashe tabarma da butar shayi har tsakar gida. Gargaza suka baje cikin fasassun gilashi. Doguwa na ta mutsu-mutsu, shi kuma gwiwa ta hana shi ko sunkuyawa.

Ya kira ɗansa, ba a ɗauka ba. Ya kira 'yarsa, waya a kashe. Ya daɗe yana kallon lamba ta uku kafin ya danna.

"Hamani... ya fashe."

"Kar ka taka gilashi. Ga ni nan."

Hamani ya iso hannunsa duk siminti, yana tura buruweti, baron da yake aikin gini da shi. Ya naɗe Doguwa a jiƙaƙƙen buhu, ya sa ta a tsohuwar randar marigayiya. Ita kaɗai ta rayu.

Da yana shara, ya tsinci katakon. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jiran gori.

"Ka yafe mini, Malam. Bakina ne ya ja."

Hamani ya jujjuya katakon, ya jingina shi a rana.

"In ya bushe zai hura mana gawayi. Ina butar? Akwai shayin da na bari a kan wuta wata huɗu ke nan."

Alhaji ya buɗe baki zai yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa.

Darasi: Gwanintarka a fage ɗaya ba ta mai da kai gwani a kowane fage, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kada ka wulaƙanta mai gaya maka gaskiya, wataƙila shi kaɗai zai ɗauki wayarka ranar da abu ya fashe. Ku tura wa 'yan'uwa, kuma in akwai wani Hamani da kuka kora da baki, ku neme shi yau.