Alkamar Gwaggo Tasalla da Ƙofar Ruwa

Ku saurari wannan, in na gama ku yanke hukunci.

Gwaggo Tasalla tana da gonar noman rani guda ɗaya. Alkamarta ta fara fitar da kai ke nan sai Alhaji Barau, mai gonar da ke sama da tata, ya sa kwaɗo a ƙofar ruwa ya rufe. Kwana huɗu ba ɗigo. Ta kasa zama. Ta je gona ta murza ƙasa a tafin hannu, ta dawo gida, kafin ta cire mayafi ta sake komawa. Ganye ya soma nannaɗewa. Ta tara 'ya'yanta uku, ta rantse cewa wanda ya kawo ruwan nan shi za ta damƙa wa gonar.

Uwani, babbarsu, lauya ce. Ta bi ofis-ofis, ta tsaya gaban alƙali ta nuna masa ganyen da ta tsinko, har ya ba da umarni a rubuce: Alhaji ya buɗe ƙofar da kansa.

Amma sai takarda ta shiga hannun Alhaji umarnin zai hau kansa, shi kuwa ya ɓuya. Masinjan kotu ya je gidansa sau uku, ana cewa ya yi tafiya. Ɗanjummai, mai bi wa Uwani, wanzami ne, ya kuma san Alhaji ba ya zuwa masallacin Juma'a da suma. Ran Juma'a kuwa Alhaji ya aika a kira shi aski. Ya bari sai da ya aske rabin kan, sannan ya yafito masinja daga bayan zaure.

“Alhaji, kada ka motsa, askar nan da kaifi,” in ji shi. “Miƙa hannu kawai.”

Alhaji ya buɗe ƙofar ruwa yana huci. To, ashe magudanar da ke kai ruwa gonar Gwaggo ta cike da yashi da ciyawa tun da ta bushe. Tanimu, autansu, shi kaɗai ya lura tun da wuri. Kwana uku yana yashe ta da fartanya cikin rana, maƙwabta suna tambayarsa ko ƙura zai yi wa ban-ruwa. Ba don shi ba, da ruwan ya malale a hanya.

Gwaggo na tsaye a kan kunya ruwa ya iso, alkama ta tsira. Ta juya ta ga su ukun suna kallonta, ga rantsuwa a wuyanta, ga gona guda ɗaya.

To, ku faɗa mini, wa za ta damƙa wa gonar?