Kibiyar Farko a Cikin Ɓauna

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wata ɓauna da ta hana mutanen wani gari noma, har ta tattake wani manomi, ya bar marayu. Sarki ya sa aka yi shela: wanda duk ya kashe ta, doki da alkyabba nasa ne.

Wani maharbi, Mantau, ya bi sawunta. Da ta taso masa bai harba ba, don ya san goshinta ƙaho ne zalla. Ya kauce bayan kuka, ta gifta, ya sakar mata kibiya bayan ƙafar gaba, inda huhu da zuciya suke. Ba ta yi nisa ba ta durƙusa.

Aka jawo ta ƙofar fada. Mantau na shirin faɗuwa gaisuwa, sai wani maharbi, Shekarau, ya ratso taro.

"Ranka ya daɗe, al'adarmu ta maharba, mai kibiyar farko shi ke da nama. Tun kafin damina na harbe ta."

Al'adar kuwa gaskiya ce.

Waziri ya sa aka juya ɓaunar. Ga tsohon rauni a ciki, ya ruɓe, yana ɗoyi. Aka zaro kan kibiya.

"Taka ce?" Waziri ya tambayi Shekarau.

"Tawa ce, ga shaidata a jiki."

"Me ya kai ka ga ciki?"

"Nan ne ya fi faɗi, Allah ya ba ka nasara."

"Da ta gudu, ka bi ta?"

Shekarau ya yi dariya. "Wa ke bin ɓauna mai rauni cikin duhuwa?"

Waziri ya dubi Mantau. "Kai fa?"

"Ni ba na saki sai na ga wurin da zai kwantar da ita nan take. In ban gani ba, in koma gida da kibiyata."

Waziri ya juya ga Sarki. "Allah ya ja zamaninka, dabbar nan ciyawarta take ci, ba ta kula kowa, sai da aka bar mata wuta a ciki. Al'ada ta ba Shekarau ita. To, a ba shi ita duka, har da ɓarnarta."

Sarki ya gyara zama. "Mantau, je ka hau dokinka. Shekarau, ɗauki namanka. Gonar marayun nan kuwa kai za ka nome ta, har ƙaraminsu ya iya riƙe fartanya."