Bushiya da Bangon Uwarta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku nutsu.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Bushiya ce uwarta ta rasu ta bar mata ɗakin ƙasa. Duk shekara kafin damina sai ta kwaɓa jar ƙasa da makuba ta yaɓe bangon, har abin ya ishe ta. Hankaka mai surutu, wanda bai taɓa mallakar bango ba, ya ce, "Ƙanwata, shafa siminti ki huta."

Ta shafa ciki da waje. Damina biyu ɗakin yana ƙyalli. A ta uku ya fara wari, tabarmarta ta yi fumfuna. Ta kira Zanzaro, tsohon magini. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji yana amsawa kamar ganga.

Ya ce, "'Yata, bangon ƙasa numfashi yake yi. Yakan sha danshi, rana ta busar da shi. Kin toshe masa hanci, ruwan ya rasa hanyar fita, yana cin sa ta ciki."

"Baba, yaya zan yi?"

"Ɓamɓare simintin duka, bangon ya sha iska, ki koma yaɓenki."

"Duk shekara kuma?"

"Ke da kika ci tuwo bara, bana kin daina ci?"

Bushiya ta ɗauki fartanya. Tana ɓamɓarewa bangon gabas ya zube, ashe ya riga ya ruɓe. Sauran ukun suka bushe, suka tsaya. Ta share hawayenta, ta zauna tana murza tubali.

Ƙurunƙus kan ƙadangaren bango.