Kafinta da 'Yar Mesar da Aka Ba Shi Amana

Akwai wani kafinta a wani gari, gwani ne ƙwarai, in ya buga kujera har jikoki sai sun zauna a kai. Yana da 'ya mai suna Keziya, mai koyon aikin likitan dabbobi. Keziya tana kiwon wata 'yar mesa, irin ƙaramar nan marar dafi, wadda in ta tsorata ba ta faɗa, sai dai ta naɗe jikinta ta dunƙule kamar ƙwallo, ta cusa kanta a tsakiya.

Ana nan sai aka tura Keziya aiki a wani gari mai nisa har wata uku, inda ba a yarda ta je da mesar ba. Ta zo wurin mahaifinta ta durƙusa, ta ce, “Baba, amana zan bar maka. Akwatinta ya ruɓe, ka buga mata sabo. Kada ya yi girma, ka sa masa murfi mai sakata da 'yan ƙofofin iska. Gefe ɗaya ya riƙa samun ɗumi, ɗaya gefen sanyi, ita za ta zaɓi inda take so. Ka ajiye mata kwanon ruwa, ka kife mata wannan kaskon mai fasasshen baki, don a ciki take ɓuya. Duk kwana goma ka ba ta mataccen ɓera ɗaya. In ta ƙi ci, ka ɗauke, ka ƙyale ta. Amma Baba, don Allah, kada ka taɓa jefa mata mai rai ka tafi.”

Kafintan ya yi dariya ya ce, “Na gina wa mutane rufin ɗaki, akwatin maciji ne zai gagare ni? Je ki, Allah ya kiyaye hanya.”

Da ya kama aikin, sai ya ga ƙaramin akwati bai dace da sunansa ba. Ya buga babba, ya goge shi, ya sa masa gilashi ta gaba, ya ajiye shi a baranda. Maƙwabta suka ji labari suka yi ta zuwa. Amma duk wanda ya leƙa, kasko kaɗai yake gani, sai ya ce, “To ina macijin?” Wannan magana ta dami kafintan. Ya ɗauke kaskon ya jefa bayan rumbu. Daga ranar nan mesar ba ta da wurin ɓuya. Yara suna ƙwanƙwasa gilashi, manya suna cewa a ɗago ta su gani, shi kuwa yana ɗagowa.

Kwana goma suka cika, ya ba ta ɓera, ta ƙi. Ya sake ba ta, ta ƙi. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi, ba ta sa kome a baki ba. Matarsa ta ce, “Baban Keziya, ka aika wa yarinyar nan ka gaya mata.” Ya ce, “In ce mata me? In ce na kasa?” Kunya ta hana shi.

Ana saura kwana biyu Keziya ta dawo, ya leƙa da safe, sai ya ga mesar ta canja. Fatar mesar ta dushe, idanunta sun yi fari-fari kamar mai yanar ido. Ya taɓa gilashin, ba ta motsa ba. Ya ce a ransa, “Yunwa ta makantar da ita. In ba ta ci ba, gawa zan miƙa wa 'yata.”

Ya kafa tarko a rumbu. Ran da Keziya za ta iso, da hantsi, tarkon ya kama wani ƙaton ɓera da ransa. Ya tsaya da shi a hannu, maganar 'yarsa tana yi masa amo a kunne. Amma ya ce, “Mataccen ne ba ta so. In ta ga mai motsi, zuciyarta za ta tashi.” Ya buɗe murfi ya jefa shi, ya tura sakata, ya tafi shagonsa.

Matarsa tana tsintar shinkafa a tire a tsakar gida, sai ta ji ƙarar karce-karce daga baranda, ta ji an yi shiru, ta sake ji. Ita kuwa ba ta taɓa kusantar akwatin nan ba saboda tsoro. Ta daure ta matsa, ta leƙa. Ga mesar ta dunƙule a lungu, ga ɓeran a kan bayanta yana gaigayarta, jini ya ɓata katako. Mesar ba ta gani, ba ta da inda za ta shiga, ba ta kuwa ko ɗaga kai ba.

Matar ta zubar da tiren, ta fita a guje ba ko mayafi, tana kira tun daga bakin layi, “Baban Keziya! Taho, yana cinye ta!”

Ya jefar da zarto ya sheƙo. Sakatar da ya yi wa kyakkyawan aiki ta cije, sai da ya doke ta da dutse ta buɗe. Ya waiga neman abin da zai kama ɓeran, bai ga kome ba. Ya cusa hannunsa haka nan. Ɓeran ya juyo ya kafa masa haƙori a babban yatsa har ƙashi, amma bai sake shi ba, sai da ya fizgo shi waje ya maka shi da ƙasa.

Yana nan durƙushe, jini yana bin gwiwar hannunsa, sai Keziya ta yi sallama da jakarta. Ta dubi akwatin, ta dubi mahaifinta. Bai ɓoye kome ba. Ya ce, “'Yata, na ci amanarki. Na ga ta makance, na ji tsoro, na yi abin da kika hana.”

Keziya ta ɗauki mesar a hankali tana duba raunukan, hawaye yana zubo mata. Ta ce, “Baba, ba makancewa ta yi ba, saɓa za ta yi. Haka idonsu yake yi in za su tuɓe tsohuwar fata, a lokacin nan ba sa ci, ba a kuma taɓa su. Ina kaskonta?”

 Matarsa ce ta je bayan rumbu ta ɗauko.

Keziya ta fara ɗaure yatsan mahaifinta, sa'an nan ta wanke raunukan mesar ta shafa magani. Ta sa aka kai akwatin cikin ɗaki, ta kife kaskon, ta rufe gilashin da zane. Kafintan ya ce, “Za ta rayu?” Ta ce, “Ban sani ba, Baba. Sai mu jira.”

Jiran nan ya fi masa cizon ɓera zafi. Kullum yakan tsaya a ƙofar ɗakin, hannunsa yana so ya ɗaga zanen, sai ya mai da shi aljihu. A rana ta shida Keziya ta fito da saɓar a tafin hannunta. Bayan mako uku mesar ta ci. Ta rayu, amma tabo uku suka zauna a bayanta har iyakar ranta.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa ƙaunatattu, ita ce: mesar nan ita ce duk wani rai marar ƙarfi da Ubangiji ya damƙa a hannunmu, ko sabon mai bi, ko mai makoki, ko wanda ya faɗi yana neman tashi. Ba namu ba ne, amana ce, Mai ita kuwa zai dawo ya tambaya. Kafintan bai ƙi mesar ba. Ya yi mata aiki, har ya zub da jininsa dominta. Laifinsa shi ne ya gina mata gidan da zai jawo masa yabo, ya raba ta da wurin ɓuyarta, da tsoro ya kama shi kuma, sai ya ga dabararsa ta fi umarnin da aka ba shi.

Mu ma haka muke yi. Ni da nake muku magana na taɓa yi. Wata 'yar'uwa ta fara zuwa sujada, tana zama a bencin baya, ba ta waƙa, ba ta magana. A Lahadi ta uku na kira ta gaba ta ba da shaida, don jama'a su ga aikina. Ta tsaya tana rawar jiki. Da ta daina zuwa, na tura mata masu kaifin baki su tsawata mata. Ashe Ubangiji yana aikinsa a cikinta a ɓoye, yana tuɓe mata tsohon hali, ni kuwa na ɗauka mutuwa take yi. Shekara biyu na yi ina zuwa ƙofarta kafin ta yafe mini. Ta dawo, amma har yau in na miƙe zan yi magana, sai ta dubi ƙasa.

Saboda haka, in Allah ya ba ku irin wannan rai, ku ba shi ɗumi, ku ba shi wurin da zai natsu, ku kai masa abinci a kan kari. In ya ƙi karɓa, ku yi addu'a ku jira. In abin ya fi ƙarfinku, ku gaya wa Mai amanar tun da wuri, kada kunya ta rufe muku baki. Yanzu kowa ya yi shiru, ya tuna da mutum ɗaya da ya matsa wa lamba da sunan taimako. Kada Lahadi mai zuwa ta same ku ba ku je kun roƙe shi gafara ba.