Sunan Renske Kawai Yake So

Akwai wani maƙwabcinmu a nan bakin ruwa, dab da tsohuwar gada, ana ce masa Douwe. Shi da matarsa Renske suna saukar da baƙi a gidansu, su kwana, da safe a ba su karin kumallo.

Renske ce ta yi wata bakwai tana sintiri a ƙaramar hukuma kafin izinin saukar da baƙi ya fito. Douwe ya ce takardu ciwon kai suke sa shi, don haka sunanta aka rubuta. Sharuɗɗan biyu ne: rabon baƙi kada ya wuce kashi arba'in cikin ɗari na gidan, kuma dole mai izinin ta kasance a gidan take zaune.

Da aka auna, ɗaki biyu baƙi suka samu. Na ukun, mai taga a kan ruwa, nasu ne. A tagar nan Renske take ajiye tukunyar furen da ya saya mata tun yana neman aurenta.

Douwe ke tsayawa bakin ƙofa yana zuba wa baƙi labari, ita tana ciki tana fama da zannuwan gado. A littafin da baƙi ke rubuta ra'ayinsu kuwa shi kaɗai ake yabo.

Wata safiya ta dawo daga sayen burodi a kan kekenta, ta tarar ya kwashe kayansu zuwa ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin rufi.

"Ango da amarya za su zo ranar Juma'a," in ji shi. "Ɗakin ruwa suke so."

"Ɗakinmu ne, Douwe. Kuma mun ƙetare ƙa'ida ke nan."

"Ranki ya daɗe, uwar doka. Wa zai shigo mana da abin awo? Barci ne dai, ko'ina ido rufuwa yake yi."

Ranar Asabar ita ta hau da faranti, burodi da cuku da kofi. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta, ta jira aka ce ta shigo. Amaryar ta sauke tukunyar furen ƙasa, ta ɗora jakar kwalliyarta a wurin.

Bayan su wasu suka zo, bayan wasun ma wasu. Wata huɗu Renske tana buga kai a katakon rufi. Ran nan ta ɗauki akwati ɗaya da tukunyarta, ta tafi gidan yayarta a wani gari.

"Fushi ne, za ta huce," Douwe ya ce da mu. Ko kiranta bai yi ba.

Kun san a nan duk wanda ya sauya gida, cikin kwana biyar yake sanar da hukuma. Renske ta je kamar kowa, ba da wata manufa ba.

Bayan mako uku wasiƙa ta iso wa Douwe: mai izini ta bar gidan, izini ya faɗi. Ya garzaya ofis. Ma'aikaciyar ta ce gurbin masu saukar da baƙi a unguwarmu ya cika, mutum talatin ne a gabansa a layin jira.

A ranar ya kira ta.

"Renske, masoyiyata, roƙo nake da shi."

Ta nemi kujera ta zauna. Tun ranar da ta fito take jiran kiran nan.

"Ina jin ka."

"Ki mayar da sunanki adireshin nan. Ba sai kin dawo ba fa, yi zamanki. Sunan kawai."

Ta daɗe tana kallon furen a tagar yayarta.

"Da ni ka ce in dawo, da jirgin ƙasan yamma zan biyo," ta ce. "Sunan kuwa yana inda nake kwana. Haka ƙa'idar take."

An cire allon tallan masauki da ke ƙofar gidan. Kullum ta nan nake wucewa. Douwe ya koma ɗakin ruwa, shi kaɗai, kuma babu komai a kan tagar.

Darasi: Wanda yake riƙe maka gida, kada ka mayar da shi suna a kan takarda. Ka nemi mutumin tun yana jiran kiranka, domin in ya tafi, da duk abin da yake riƙe maka zai tafi. Ku tura wa wani, wataƙila a gidansa akwai wadda aka mayar ƙarƙashin rufi.