Ƙarar da Ladan Ya Kashe a Sahun Gaba

"Ilu, ina na'urarka?"

"Tana aljihu, Malam. Tun hantsi na cire ta."

Jama'a, mai wannan tambaya a gadon asibiti yake kwance, ana masa ƙarin ruwa. Ku saurara ku ji yadda aka yi ya zo nan.

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, Tanimu sunansa, shi ne ladanin masallacin unguwarsu. Mutum ne mai tsananin kunya. Ko takalman jama'a ya gani a warwatse a bakin ƙofa, sai ya sunkuya ya jera su, ba ya son a gan shi. Yana da ciwon suga. Likita ya maƙala masa wata 'yar na'ura a ƙugu, tana tura masa maganin insulin kaɗan-kaɗan ta siririn bututu da ya shiga ƙarƙashin fatar cikinsa. Nas ta koya masa, ta kuma maimaita: in na'urar ta yi ƙara, ka duba abin da ta rubuta. In ta ce bututu ya toshe, to magani ba ya shiga. Ka canza shi, ka gwada jininka, in suga ya hau ka yi allura da hannu, ka kira mu.

Wata Juma'a, liman na tsaka da huɗuba, na'urar ta fara ƙara. Masallaci tsit. Kawuna suka juyo sahun gaba. Wani dattijo ya ja tsaki, ya ɗauka waya ce. Tanimu ya zura hannu cikin riga, ya danna, ya danna, har ta yi shiru. Bai duba ba. Aka wuce walimar ɗaurin aure, ta sake ƙara a cikin mutane, ya sake kashe ta. Bai duba ba, jama'a. Ashe bututun ne ya toshe.

Kafin magariba ƙishirwa ta kama shi, yana shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi. Sai amai. Sai wani numfashi mai zurfi kamar na wanda aka koro. Matarsa Ladidi ta sunkuya kansa, ta ji bakinsa na warin ruɓaɓɓen mangwaro.

"Malam, dube ni. Ni ce."

Idonsa a buɗe, amma bai gane matar da ya yi shekara ashirin yana ci daga hannunta ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Da ya farfaɗo a asibiti bayan kwana biyu, ya tarar magana ta gama unguwa, wai na'urar ce ta so kashe ladan. Masu dubiya na ta tsine mata. Shi kuwa ya yi shiru, domin shirun nan yana rufa masa asiri.

Sai ga maƙwabcinsa Ilu tela, wanda shi ma irin wannan na'urar yake ɗauke da ita. Shi ne wanda kuka ji ya ce ya cire tasa tun hantsi.

"Ba zan zauna in jira ta kwantar da ni kamar kai ba," in ji Ilu. "Maiɗakina ma cewa ta yi in jefa ta rijiya."

Aka yi 'yar dariya. Tanimu bai yi ba. Azahar ta wuce. Ya tuna nas ta ce jikin mai na'ura ba ya ajiye magani, awanni kaɗan ya yi babu ita sai jini ya fara lalacewa. Ya dubi leɓen Ilu, a bushe. Ya ga gorar ruwa ta biyu ce a hannunsa. Ya san wannan ƙishirwar.

Ku kuma duba waɗanda ke ɗakin: ga liman, ga dattijon nan mai tsaki.

"Ilu, ba ita ba ce," in ji Tanimu. "Ni ne. Sau biyu ta kira ni, na toshe mata baki don kada a kalle ni. Ladidi, kira nas yanzu, a gwada jininsa."

Aka gwada, suga ya yi sama sosai. Aka yi masa allura, aka sa sabon bututu, aka riƙe shi har sugan ya sauka. Da ƙafarsa ya koma gida. Dattijon nan kuwa ya kasa ɗaga kai.

'Yan uwa, kunya ado ce, amma kunyar da za ta sa ka yi wasa da ran da Allah ya ba ka amana ba ta addini ba ce. Kuma kuskuren da ka ɓoye don kare mutuncinka, wani ne zai faɗa cikinsa. A cikinku akwai masu wannan ciwo, na san wasu. Kada ka cire na'urarka don jita-jita, ka tambayi likitanka. Ku kuma masu lafiya, ku ji tsoron Allah, tsaki ɗaya ya kusa kai mutum biyu kushewa.

Don haka ga abin da na yanke, ku shaida. Daga yau a wannan masallaci, duk wanda na'urarsa ta yi ƙara, ya tashi ya duba ta, ko ina tsakiyar huɗuba. Zan jira shi.