Baƙar Fuska Mai Maɓalli

An ruwaito, ni kuma a wani tsohon littafi da gara ta cinye bangonsa na tsinci labarin, cewa an yi wani sarki a bakin teku mai suna Nu'umanu. Ba mugu ba ne, sai dai duk baƙon labarin da ya shiga kunnensa sai ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Wata rana matuƙan jirgi suka ba shi labarin Bunduƙiyya, wani birni a ƙasar Italiya, inda mutane kan rufe fuska lokacin bikinsu, talaka ya gaya wa mai mulki abin da ya ga dama. Abin ya burge sarki, ya sa aka yi shela cewa duk mai ƙara ko shaida ya zo fada da fuska a rufe, ba mai tambayar sunansa. Nufinsa mai rauni ya sami bakin magana. Amma masu ƙulli a zuci ne suka riga kowa zuwa, hauni mai sare kai ya daina samun hutu.

Ana nan sai mutum uku suka zo a lulluɓe, suka ce ranar Talata sun ga Ukashatu, mai kula da rijiyoyin birni, yana zuba guba a rijiyar fada. Sarki ya ce a sare kansa bayan la'asar, ya kuma rantse duk wanda ya buɗe baki don ceton sa, tare za su tafi.

Ukashatu yana da wa, wani dattijon attajiri mai suna Miƙdadu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci a teku. Da hantsi ya zo fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya buɗe wani ɗan akwati, ya fito da fuskar aro baƙa, ta karan-miski, ba igiya ba maɗauri.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan daga Bunduƙiyya ta fito. Ko a fadar nan akwai mai iya sa ta, ta zauna, ba tare da ya riƙe da hannu ba?"

Sarki ya juya ta, ya ga wani ɗan maɓalli daga ciki. Ya ce wa fadawa su gwada. Wani ya manna ta da ƙaro, ta zame. Waziri ya ɗaga kai sama ya ɗora ta kamar faifai, ya yi taku biyu ta faɗo. Sai Miƙdadu ya karɓa, ya ciji maɓallin, fuskar ta zauna daram.

Sarki ya yi dariya ya ce, "Kai, wane mai dabara ya ƙirƙiro wannan?"

Miƙdadu ya buɗe baki zai amsa, fuskar ta faɗi ƙasa. Ya ce, "Ka ga halinta, ranka ya daɗe. Mai sanye da ita, ko dai ya ɓoye, ko ya yi magana. In an yi mini izini, zan faɗi yadda ta zo hannuna."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Miƙdadu ya ce, "Birnin nan a kan ruwa aka gina shi, kwale-kwale ne dokinsu. Kafin azumin Nasara na kwana arba'in, wanda a cikinsa suke barin nama, sukan yi makonni suna biki. Sun ce asalinsa wani babban limaminsu ne ya yaƙe su suka kama shi, suka sake shi bisa sharaɗin duk shekara a aiko da bijimi ɗaya da aladu goma sha biyu. Ranar Alhamis ta ƙarshe sai a sare kawunan dabbobin a dandali, gaban shugabansu da suke kira Doji, jama'a na shewa. Maza kan sa farar fuska mai turarriyar haɓa, mutum ya ci, ya sha, ya yi zagi, ba a san shi ba. Akwai mai dogon baki kamar na tsuntsu, irin ta likitocin annoba. Wannan baƙar kuwa ta mata ce.

"Shekarar da na je, aka soke wani basarake a kan gada, da rana tsaka. Mutum uku masu farar fuska suka ce Bastiyano ne, wani mai kwale-kwale, uban 'ya'ya biyar. Ya rantse a lokacin yana kan ruwa, ya ɗauki wata mace mai baƙar fuska. Alƙalai suka ce, wace ce? Ya ce bai sani ba, ba ta ce uffan ba, da yatsa ta nuna masa hanya.

"Matar nan sunanta Orsola. Akwai wani tsibiri da suke killace masu annoba, mahaifiyarta na can. A dokarsu, wanda ya taka tsibirin ba izini, can za a mayar da shi. Ita kuwa can ta sa Bastiyano ya sauke ta a ɓoye, ta sumbaci goshin tsohuwar ta dawo. Shi ma bai ambaci tsibirin ba, don ya san abin da zai biyo baya.

"Ranar Alhamis, bayan an gama da bijimi da aladu, jini bai bushe ba aka fito da Bastiyano. Dubban fararen fuskoki suna ihu a kashe, a kashe. Orsola na tsaye kusa da ni, ina jin ƙarar haƙoranta a kan maɓallin. Hauni ya ɗaga gatari, ba ta saki ba. Sai da kai ya faɗi ta ƙwalla ƙara, fuskar ta suɓuce. Ta faɗi gaskiya duka, a lokacin da gaskiyar ba ta da sauran amfani. Masu bakin tsuntsu suka zo da dogayen sanduna suka kora ta cikin jirgi zuwa tsibirin. Ba ta kai ƙarshen azumin ba. Aka nemi shaidun nan uku, amma ina za ka nemi farar fuska a cikin fararen fuskoki dubu? Makaɗa suka ci gaba da kiɗa."

Sarki ya ce, "Matsoraciya ce. Ta kashe bawan Allah da shirunta."

Hawaye ya zubo wa Miƙdadu. Ya ce, "Kada ka zage ta, Zaki, akwai wanda ya fi ta. Ranar da aka soke basaraken ina kan jirgina, na ga kwale-kwalen Bastiyano ya nufi tsibiri, na kuma san fuskarsa, don na sha hawa kwale-kwalensa. Ita maganarta a bakin ranta take. Ni farar fuska ce a kaina, ba abin da ya toshe mini baki, sai tsoron kada a riƙe baƙo a hana shi tafiya. Na yi shiru. Na duƙa na ɗauki wannan, shekara talatin ke nan ina kallon ta."

Ya miƙa wa sarki, ya ce, "Dubi maɓallin." Sarki ya duba, sai ga sawun haƙora sun nutse a ciki.

Miƙdadu ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Ga fuskata, sunana Miƙdadu ɗan Harisu. Ranar Talata tun safe har yamma ƙanena Ukashatu yana tare da ni a bakin teku, muna binne wani matuƙi da ruwa ya ci. Na ji rantsuwarka, wuyana ga shi. Abu ɗaya nake roƙo: masu neman ransa su ma su nuna tasu fuskar."

Sarki ya ajiye fuskar a gabansa. Sannan ya sa aka kawo shaidun, ya ce su yaye lulluɓi. Biyu suka zube suna neman gafara. Na uku da aka fizge mayafinsa, sai ga wanda ya shekara yana neman a ba shi aikin rijiyoyin. Aka kwance Ukashatu. Sarki ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya soke shelar, ya naɗa Miƙdadu mai zama a damansa ranar shari'a.

Daga nan ya dubi magatakarda ya ce, "Mutum nawa aka kashe da shaidar masu lulluɓi?"

Magatakarda ya sunkuyar da kai ya ce, "Goma sha ɗaya, Allah ya ba ka nasara."

Ba wanda ya zo ya ba da labari dominsu. Mai littafin ya ce darasin a fili yake: wanda zai yi maganar da za ta ɗauki ran wani, ya sa fuskarsa a kanta, wanda kuma ya san gaskiyar da za ta ceci rai, kada ya jira gatari ya sauka.

Sarki Nu'umanu ya riƙe baƙar fuskar. Duk ranar da aka kawo shari'ar kisa sai ya ciji maɓallin ya zauna shiru, ba ya sakin sa sai kowane mai shaida ya faɗi sunansa da na ubansa. Bayan rasuwarsa aka duba maɓallin, aka tarar da sawun haƙora iri biyu, nasa sun fi na Orsola zurfi. Iyakar abin da gara ta bar mini ke nan, saura sai wurin Masani.